SABON ALLON RUBUTU NA INTANET DA AIKIN AKAWU A ZURMI

A zamanin da, idan hukuma tana da sanarwa ga jama'ar ƙasar Zurmi, hanyar da takarda take bi sananniya ce ga kowane ma'aikaci. Magatakarda zai rubuta da hannu, akawu ya buga da tafireta a kan sitansil, a gurza kwafe-kwafe a inji, sa'an nan masinja ya rarraba wa hakimai da dagatai, a liƙa guda a ƙofar ofis, saura kuwa mai shela ya ƙarasa a kasuwa. Idan abin na jarida ne, sai ya bi ta Ƙauran Namoda, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tsaya tun cikin 1929, har ya isa hannun mutanen maɗaba'a, waɗanda ba su da wata sana'a sai jera haruffa da tsara shafi. Kowa da nasa aiki, kuma ba a taɓa tambayar akawu inda hoto zai zauna, ko girman da kan labari zai yi ba.

Yau kuwa wannan doguwar hanya ta taƙaice ta koma kan tebur guda. Ma'aikatu da makarantu da ƙungiyoyi suna buɗe shafuna a intanet, kuma wanda aka ɗora wa nauyin shafin, ko jami'in watsa labarai ne, ko akawu, ko wani ɗalibi da ya zo koyon aiki, shi ne marubuci, shi ne mai jera haruffa, shi ne kuma masinja. Kayan aikinsa duka ba su wuce wani fili da yake buɗewa a fuskar kwamfuta ko ta wayar hannu ba, inda zai zuba rubutu, ya saka hoto, ya danna a wallafa. Wannan fili shi ne allon rubutu. Cikin watan Disamba na 2018 aka sauya fasalin allon da ya fi kowanne yawan masu aiki da shi a duniya, kuma ƙurar da sauyin ya tayar ta daɗe ba ta kwanta ba.

ASALIN AL'AMARIN

Manhajar da ake magana a kanta sunanta WordPress. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta cikin watan Mayu na 2003, watau Matt Mullenweg, wani saurayi ɗan shekara 19 daga birnin Houston na Amurka, da Mike Little, mutumin Ingila. Aikinta shi ne ta riƙe wa mai shafi rubuce-rubucensa da hotunansa a jere, ta fitar da su ga masu karatu, ba tare da ya iya harshen da ake gina shafunan intanet da shi ba. Kyauta ake ba da ita, kuma kowa yana da izinin ya gyara ta yadda ya ga dama. Saboda haka ta bazu ƙwarai, har masu bin ƙididdiga suka nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na shafunan intanet na duniya a kanta suke. Ke nan duk ma'aikacin da aka miƙa wa shafin ofis, ko a Gusau ko a Shinkafi, akwai alama mai ƙarfi cewa da ita zai yi gamo.

Tsohon allonta, wanda ya fara aiki tun ƙarshen 2005, kamar takardar wasiƙa yake. Akwai ɗan gurbi a sama na kan labari, da wani babban fili a ƙasa na rubutu, da jerin madannai a tsakani don ƙara wa harafi kauri ko karkatar da shi. Duk wanda ya taɓa buga wasiƙa a kwamfuta, cikin rabin sa'a zai gane kansa. Amma fa yana da aibu. Muddin mutum ya so ya wuce rubutu zalla, misali ya jera labari layi biyu gefe da gefe, ko ya zana jadawalin kasafin kuɗi, to sai ya nemo wasu ƙananan manhajoji ya jona, ko ya haddace wasu alamomi masu wuya. Bayan haka kuma abin da yake gani a allo ba lalle ne shi mai karatu zai gani ba. Ana cikin haka sai wasu kamfanoni irin su Wix da Squarespace suka fito da allunan da mutum yake jan hoto ya ajiye inda yake so, suka fara janye masu ciniki.

Wannan ne ya sa Mullenweg, wanda yake shugabancin aikin manhajar, kuma yake da kamfanin Automattic mai cin riba da ita, ya tsaya kai da fata sai an sauya allon. Cikin watan Yuni na 2017, a wani taro a birnin Paris, aka nuna wa jama'a samfurin farko. Aka raɗa masa suna Gutenberg, domin tunawa da Johannes Gutenberg, Bajamushen birnin Mainz wanda wajen 1450 ya fito da dabarar buga littafi da haruffan ƙarfe da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, a warware su a sake jera wani shafin.

RUBUTU YA KOMA TUBALA

Sunan ya dace da abin. A sabon allo babu sauran babban fili guda. Kowane sakin layi tubali ne mai zaman kansa, kan labari tubali ne, hoto tubali ne, haka jadawali da jerin sunaye da takardar da aka liƙa don a sauke. Mutum yakan danna alamar tarawa ya zaɓi irin tubalin da yake so, ya aza shi bisa na baya, kuma yana iya ɗaga shi sama ko ya saukar da shi ƙasa, ko ya cire shi ɗungum ba tare da ya taɓa maƙwabtansa ba. Kowane tubali yana da nasa madannai, waɗanda ba su bayyana sai an taɓa shi.

Amfanin wannan a fili yake. Jadawalin da a da sai an kira gwani, yanzu akawu yana iya zana shi da kansa. Abin da ya tsara a allo ya yi kusa ƙwarai da abin da zai fito. Idan ya kwafo takarda daga Word ya zuba, allon da kansa yake rarraba ta tubali tubali. Kuma da yake yawancin masu karatu a ƙasar nan ta wayar hannu suke leƙa intanet, shafin da aka gina da tubala ya fi sauƙin tsuke kansa ya shiga ƙaramar fuskar waya.

To, amma abin da masu tsarin ba su faɗa da babbar murya ba shi ne, aikin mutanen maɗaba'a ne aka kwaso aka aza wa mai buga rubutu. A da aikinsa ya rubuta kawai. Yanzu kowane sakin layi yana tambayarsa launi da girma da faɗi. An ba akawu tubala an ce ya yi gini, alhali kuwa ba kowane mai ɗaukar tubali ne magini ba.

Ran 6 ga watan Disamba na 2018 aka fitar da manhajar mai lamba 5.0 ɗauke da sabon allo, bayan sanarwar 'yan kwanaki kaɗan. Duk wanda ya sabunta tasa, sai ya wayi gari ya tarar da teburin aikinsa ya zama wani abu dabam. Ma'aikatan gwamnati ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, gama sun san yadda takardar umurni takan sauko daga sama ran Juma'a, a ce a fara aiki da sabon fom ran Litinin.

Jama'a ba su yi shiru ba. Tun kafin ranar, cikin watan Agusta, wasu suka ɓalle suka kafa tasu manhajar mai suna ClassicPress, wadda ta riƙe tsohon allo. Shugabannin WordPress da kansu suka fitar da wata 'yar manhaja, Classic Editor, wadda take mayar wa mutum da tsohon allonsa, suka ce za su kula da ita zuwa ƙarshen 2021. Shafunan da suka jona ta suka haura miliyan 5, har da wa'adin ya cika dole aka ƙara shi.

Akwai masu cewa duk wannan hayaniya sabo ne kawai, wanda Bahaushe ya kira turken wawa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ita ke nan ba. Cikin watan Oktoba na 2018 Rian Rietveld, wata ƙwararriya 'yar ƙasar Holan da take shugabancin sashen da yake kula da buƙatun naƙasassu a aikin manhajar, ta ajiye muƙaminta saboda matsalolin da suka dabaibaye sabon allon. Makaho yana aiki da kwamfuta ne ta hanyar wata manhaja da take karanta masa abin da yake fuskar na'urar, kuma da madannan haruffa kaɗai yake zagayawa. Allon da madannansa suke ɓoyewa sai an taɓa tubali, wahala ce babba gare shi. Wata ƙungiyar masu kula da shafunan jami'o'i, WPCampus, ta sa aka yi bincike na musamman, kuma rahoton da ya fito cikin 2019 ya tabbatar da cewa kurakuran suna da yawa. An gyara da dama daga cikinsu a shekarun da suka biyo baya. Duk da haka, ga malamin makaranta ko ma'aikaci mai larurar gani, wannan ba maganar sabo ba ce, maganar abincinsa ce.

Ba WordPress kaɗai ta taɓa shan irin wannan ba. Cikin watan Yuli na 2013 Wikipedia ta Turanci ta ɗora wa marubutanta wani sabon allo, suka yi ta ƙorafi, kafin ƙarshen Satumba aka mayar da shi sai wanda ya ga dama.

INA RUWAN ZURMI?

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan Zurmi da gardamar mutanen Amurka da Turai? Ruwanta yana da yawa. Ƙaramar Hukumar Zurmi ɗaya ce daga cikin 14 na Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga watan Oktoba na 1996. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum kusan 294,000, a warwatse a garuruwa irin su Moriki da Dauran da ƙauyuka masu yawa, har zuwa kan iyakar Jamhuriyar Nijar. A 'yan shekarun nan tafiya tsakanin waɗannan garuruwa ta zama abin fargaba saboda 'yan bindiga, kuma kusan duk labarin da duniya take ji game da Zurmi na hari ne da satar mutane, wanda wasu suke rubutawa daga nesa. Ranar rigakafi, da ranar rabon taki, da sunayen waɗanda aka ɗauka aiki, da lokacin komawa makaranta, waɗannan ba wanda zai rubuta su sai ma'aikacin da yake zaune a wurin. Inda masinja ba zai iya zuwa ba, wayar hannu tana zuwa.

Bugu da ƙari akwai doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su riƙa bayyana wa jama'a ayyukansu da yadda suke kashe kuɗi, ta hanyoyin da suka haɗa da intanet, ba sai an tambaye su ba. Cikin watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Kafin wannan, ran 11 ga watan Yuli na 2024, kotun ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan nasu ne, a ba su kai tsaye. Wanda aka danƙa wa kuɗi kuwa, ana jiran bayani daga gare shi. Kasafin kuɗi jadawali ne, kuma jadawali yana cikin abubuwan da sabon allo ya sauƙaƙa.

Sai dai allon an tsara shi ne a inda wutar lantarki ba ta ɗaukewa, layin sadarwa kuma ba ya yankewa. Ya fi tsohon nauyi, domin kafin mutum ya buga harafi guda sai na'urarsa ta sauko da kaya masu yawa, kuma tsohuwar kwamfutar ofis takan yi ta jan ƙafa idan tubala suka yi yawa a shafi. Gaskiya ne allon yana adana rubutu da kansa kusan kowane minti guda, amma adanawar da za a dogara da ita sai da sabis. Mutanen Zamfara kuwa sun san abin da ya fi yankewar minti guda. Ran 3 ga watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar, bisa roƙon gwamnatin jihar, domin yaƙi da 'yan bindiga. Da fari mako 2 aka ce, amma a wajen Gusau abin ya wuce wata 2, har mutane suka riƙa ƙetarawa wasu jihohi don su buga waya. Duk ofishin da ba shi da kwafin takardunsa sai a intanet, a wannan lokaci ba shi da kome a hannu.

Saboda haka ma'aikaci mai hankali ba ya fara rubutu a kan allon. Yakan rubuta a na'urarsa ya adana, sa'an nan in sabis ya samu ya kwafa ya zuba, ya gyara tubalan, ya wallafa. Manhajar WordPress ta wayar hannu ma tana riƙe daftari a cikin wayar har sabis ya dawo.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshi, watau a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauki hotonta da waya a liƙa a shafi. Sabon allo ya sa wannan ya ƙara sauƙi, domin tubalin hoto dannawa biyu ne. Amma hoton takarda yana cin kuɗin data mai yawa a wurin talaka, ba ya karantuwa sosai a ƙaramar waya, mai neman sunansa ba zai iya sa na'ura ta nemo masa ba, manhajar makafi kuma ba ta ganin kome a ciki. In dai hatimin ake so a gani, sai a zuba rubutun a tubalinsa, a sa hoton a ƙarƙashi don shaida.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Wata matsalar ta Hausa ce ita kaɗai. Cikin shekarun 1930 ne, a ofishin talifi na Zariya ƙarƙashin Rupert East, aka tsayar da haruffan nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, kuma littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka sabar wa jama'a da su. Tafiretocin ofis kuwa yawancinsu na Turanci ne, sai akawu ya bi da alƙalami yana lanƙwasa kan harafi, ko ya bar shi haka nan mai karatu ya yi ta kansa. Da haka baƙi yakan koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗaura kuma ta koma Daura.

Yau babu wannan uzuri. Haruffan suna cikin tsarin Unicode da duk na'urorin zamani suke aiki da shi, kuma allon, tsoho da sabo, yana karɓarsu. Wayoyin hannu ma suna da madannan Hausa ga wanda ya kunna. Inda gizo yake saƙa shi ne wajen zaɓen zanen harafi. Sabon tsari ya ba mai shafi dama ya sauya zanen haruffa yadda ya so, kuma da yawa daga cikin kyawawan zanen ba a yi musu ƙ da ɗ ba. Sai a ga kalma ta fito da harafi guda ya bambanta da 'yan'uwansa, ko wani ɗan akwati ya zauna a gurbinsa. Tun ran gini ran zane: kafin a amince da kowane zane, a buga Ƙauran Namoda da shi a duba. Ya kamata kuma ofis ya tsayar da rubutu iri guda, domin sau da yawa wanda ya nemi Kaura a shafi ba zai ga takardar da aka rubuta Ƙaura ba.

ABIN DA OFIS ZAI IYA YI

Tun daga 2018 an yi wa allon gyare-gyare da yawa, kuma wasunsu kamar don ofisoshin gwamnati aka yi su. Cikin watan Agusta na 2020 aka kawo jerin tubala shiryayyu, waɗanda mutum zai ɗauko ya cike gurabe kawai. Cikin watan Janairu na 2022 tubala suka mamaye shafi duka, har kansa da gindinsa. Cikin watan Mayu na wannan shekara kuma aka sa makulli a allon, yadda za a iya ɗaure tubali kada a matsar da shi ko a goge shi. Ma'anar wannan ita ce, gwani guda yana iya zama ya tsara fom na sanarwa, da na sakamakon jarrabawa, da na kasafin kuɗi, ya kulle su, akawu kuma ya koma ga aikinsa na asali, watau zuba rubutu daidai. Ofishin da ya yi haka ya raba magini da mai miƙa tubali, kuma shafinsa ba zai zama kowace sanarwa da nata launi ba.

Manhajar tana da matakan iko da suka yi kama da na aikin gwamnati. Akwai mai ba da gudummawa, wanda zai rubuta amma ba zai iya wallafawa ba sai an duba. Akwai marubuci mai wallafa nasa, da edita mai iko a kan rubutun kowa, da shugaban shafi mai riƙe da kome. Tana kuma ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, kamar yadda fayil yake riƙe da sa hannun duk wanda ya bi ta kansa. Abin takaici, a wurare da yawa kalmar sirri guda ce kowa yake shiga da ita, ta shugaban shafi. Sau da yawa ma tana hannun wani mai yi wa ƙasa hidima ne da ya gina shafin, in shekararsa ta cika ya tafi da ita garinsu, shafin ya tsaya cik a kan hoton wani biki na bara waccan. Kalmar sirri da bayanin inda aka yi rajistar shafi sun cancanci shiga takardar miƙa aiki, daidai da makullin sito.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa cikin 1983, nan akwai sana'a. Manhajar kyauta ce, ana iya girka ta a kwamfuta a koyi allon ba tare da sabis ba. Ɗalibin da ya iya tsara fom ya kulle, ya koya wa akawu biyu cikewa, ya fi amfani ga ofis bisa wanda ya cika shafi da ado ya tafi. Fassara kalmomin allon zuwa wasu harsuna ma 'yan sa kai ne suke yi, kuma ƙofar a buɗe take ga mai Hausa.

Shugabannin WordPress sun raba aikin Gutenberg mataki huɗu: sauƙaƙa rubutu, sa'an nan tsara shafi duka da tubala, sa'an nan ba mutane da yawa damar yin aiki tare a kan takarda guda, na ƙarshe kuma shafi mai harsuna da yawa. Ofishin da yake karɓar umurni da Turanci ya isar wa jama'a da Hausa, wannan na ƙarshen shi ne buƙatarsa ta farko. Kafin layi ya zo kansa, dabarar da ta rage ita ce a jona wata 'yar manhaja ta fassara, ko kuwa a ɗauko tubalin nan mai raba shafi gida biyu, a zuba Hausa a ɗaya, Turanci a ɗaya, a tabbata Hausar ce a gidan farko, domin a fuskar waya shi ne yake hawa sama.